Babi na Shida: Idan Kyamara Ta Yi Maka Ƙazafi

A shekarar 2012 jaridar Baltimore Sun ta Amurka ta bankaɗo wata takardar tara da ta zama abin dariya a birnin. Kyamarar kan titi ta rubuta cewa wata mota na gudun mil 38 a awa, a wurin da aka ƙayyade mil 25. Da aka duba hotunan da kyamarar ta ɗauka da kanta, sai ga motar tsaye cik a gaban danja, fitilun birkinta a kunne, wasu motocin na gilmawa ta gabanta. Bincike ya ci gaba da tono irin waɗannan kurakurai, har dai a 2013 hukumomin birnin suka kashe kyamarorin baki ɗaya na wani lokaci.

A 2021 kuma, ƙaramar hukumar birnin Bath da ke Ingila ta aika wa wani magidanci tara, wai ya bi da motarsa ta layin da aka keɓe wa bas-bas. Mutumin yana zaune a yankin Surrey, nisan fiye da mil ɗari daga Bath. Hoton da aka liƙa a takardar ko mota babu a ciki. Wata mata ce ke tafiya a ƙasa, sanye da riga mai rubutu a ƙirji, kwamfuta ta karanta rubutun a matsayin lambar motarsa. An soke tarar, aka sha dariya.

Don haka babu gardama, na'ura tana kuskure. Amma a lura da abin da ya fid da waɗannan mutane biyu. Babu wanda ya saurari rantsuwarsu, babu wanda ya tambayi maƙwabta halinsu. Hujjar da ta wanke su tana cikin hoton da aka tuhume su da shi. Wanda takardar gudun wuce ƙa'ida ta zo masa alhali ya san bai aikata ba, abin da zai fara ji shi ne ɓacin rai, kuma ɓacin ran nan ne ke tura mutane da yawa cikin laifi na biyu, wanda ya fi na farkon muni nesa ba kusa ba. Wannan babi zai bi tsarin Ingila da Wales daki-daki, domin a can an daɗe ana wannan ja-in-ja tsakanin direba da na'ura, kuma kotuna sun tsefe kusan kowace gaɓa ta rikicin.

Daga ɗan sanda mai keke zuwa akwatin bakin titi

Mutumin da ake ɗauka shi ne na farko da aka ci tara kan gudu da mota a Birtaniya sunansa Walter Arnold. A watan Janairun 1896 ya ratsa garin Paddock Wood da ke yankin Kent da gudun mil 8 a awa, lokacin da doka ta ce mil 2 a cikin gari. Ɗan sanda ya bi shi a kan keke har ya cim masa, kotu ta ci shi tarar sule ɗaya da kuɗin shari'a. A wancan zamani mai ba da shaida mutum ne. Ana iya tsayar da shi a gaban alƙali a tambaye shi inda yake tsaye, da yadda ya ƙiyasta gudun, da ko idonsa na gani sosai. Har yau dokar ƙasar ba ta yarda a hukunta direba kan gudu da ƙiyasin mutum ɗaya tak ba, sai an sami abin da ya mara masa baya.

Wanda ya sauya lamarin ɗan tseren mota ne daga ƙasar Holan, Maurice Gatsonides, wanda ya lashe gasar Monte Carlo a 1953. Ya ƙera na'urar auna gudu ne don ya san saurinsa a kwana ya ƙara ƙwarewa, daga baya ya kafa kamfani a 1958, 'yan sanda suka zama manyan masu saye. Daga sunansa aka samo Gatso, akwatin nan da ke tsaye a bakin titunan Ingila, wanda a yau ake shafa wa ruwan ɗorawa. Dokar hanya ta 1991 ce ta buɗe ƙofar karɓar hoton kyamara a matsayin shaida, a 1992 kuma aka kafa kyamarar farko a yammacin Landan.

Tun daga nan direba ya daina haɗuwa da mai tuhumarsa. Ba a tsayar da shi, ba ya samun damar yin bayani nan take, wani lokaci ko walƙiyar kyamarar ba ya gani. Sai bayan kwanaki ambulan ya faɗo ta ƙofa. Mai karatu da ya saba da tituna irin na Kano ko Kaduna, inda ake ƙare magana baki da baki da jami'i a gefen hanya, kada ya ɗauka abin ya yi masa nisa. A 2025 gwamnatin jihar Legas ta sanar da kafa kyamarorin auna gudu a wasu manyan titunanta, tare da aika sanarwar tara ta saƙon waya.

Takarda ɗaya, tambaya biyu

Ambulan ɗin da 'yan sanda ke aikowa yana ɗauke da abubuwa biyu, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin asarar da direbobi ke tafkawa. Na farko sanarwa ce cewa ana da niyyar gurfanar da wanda ya tuƙa mota mai lamba kaza, a rana kaza, a wuri kaza, da gudu kaza. Na biyu umarni ne, ƙarƙashin sashe na 172 na dokar hanya ta 1988, cewa mai motar ya faɗi wanda ke riƙe da sitiyari a lokacin, cikin kwana 28.

Tambayar ko an yi gudun daban, tambayar wa ke tuƙi daban. Mutum na iya musanta ta farko har gaban alƙali, amma ba shi da ikon yin shiru a kan ta biyu. Rubuta sunanka a matsayin direba ba amsa laifi ba ne, cewa kawai ka yi kai ne a cikin motar. Wanda fushi ya ɗebe shi ya jefa takardar a kwandon shara, ko ya mayar da ita ba sa hannu, ko ya cike ta da dogon wa'azi kan zaluncin gwamnati ba tare da ya ambaci direba ba, ya aikata sabon laifi mai zaman kansa. Hukuncinsa maki shida a kan lasisi da tarar da ka iya kai fam 1,000, kamfanonin inshora kuma suna tsawwala wa mai irin wannan tabo. Alhali mafi ƙanƙantar hukuncin gudun kansa fam 100 ne da maki uku. Wato mutum na iya zama mai gaskiya a kan gudun, ya ƙare da ninkin makin da zai samu da a ce ya yi gudun ya amsa.

Makin nan ba abin wasa ba ne. Wanda ya tara goma sha biyu cikin shekara uku, akasari ana hana shi tuƙi na wata shida. Sabon direba kuwa, idan ya tara shida cikin shekara biyu da cin jarrabawa, lasisin ya tafi, sai ya sake zama ɗan koyo. Ga mai tasi ko mai kai saƙo, wannan batun tuwon gidansa ne.

An taɓa ƙalubalantar wannan tilasci har ƙoli. Wasu direbobi biyu, Gerard O'Halloran da Idris Francis, sun kai Birtaniya ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. Hujjarsu ita ce, ko wanda ake zargi da kisan kai yana da 'yancin kame bakinsa, to don me za a tilasta wa direba ya ba da shaidar da za a kama shi da ita? A watan Yunin 2007 alƙalai goma sha biyar suka ƙi amincewa da su, biyu suka goyi bayansu. Ra'ayin masu rinjaye shi ne, mota abu ce mai iya halaka mutane, kuma duk wanda ya zaɓi ya mallake ta ko ya tuƙa ta ya karɓi wasu sharuɗɗa tare da makullin, ciki har da faɗin wanda ke tuƙi idan an tambaya. Tun daga ranar wannan ƙofa ta rufe.

Kwana goma sha huɗu

Ba direba kaɗai doka ta ɗora wa wa'adi ba. Su ma 'yan sanda dole sanarwarsu ta farko ta isa hannun wanda aka yi wa motar rajista da sunansa cikin kwana 14 bayan ranar laifin. Hikimar a bayyane take: a sanar da mutum tun yana iya tuna inda ya je da wanda ya ba aron mota, tun shaidunsa ba su watse ba.

Shari'ar da ta fi yin suna a kan wannan ta David Beckham ce. A watan Janairun 2018 kyamara ta kama shi yana gudun mil 59 a inda aka ƙayyade 40, a unguwar Paddington ta Landan, cikin wata Bentley ta aro. Bai musanta gudun ba. Lauyansa Nick Freeman, wanda ya yi fice wajen fid da manyan mutane ta irin waɗannan kafofi, ya nuna wa kotu cewa takardar ta isa kamfanin Bentley, mai rajistar motar, a makare da kwana ɗaya. A watan Satumba kotu ta sallame shi, masu fafutukar kiyaye haɗurra suka yi ta tir. Tun kafin wannan, a 2009, babbar kotu ta soke hukuncin wani direba da yajin aikin ma'aikatan gidan waya ya jinkirta takardarsa, ta ce abin dubawa shi ne ranar da ta iso, ko da an aika ta a kan kari.

Sai dai mutane da yawa suna jin labarin Beckham su ɗauka sun sami mafita, alhali ba su samu ba. Wa'adin ya shafi takardar farko ce kawai. Idan motar ta kamfani ce ko ta haya, takarda za ta fara zuwa wurinsu, su ambaci sunanka, taka ta iso bayan wata ɗaya ko fiye, kuma ba a saɓa doka ba. Idan ka tashi daga gida ba ka sabunta adireshinka a hukumar rajistar motoci ta DVLA ba, jinkirin naka ne. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai a hanya ya gargaɗe ka da baki, wannan ya wadatar. Haka nan ƙaramin tuntuɓen alƙalami, kamar harafi ɗaya da ya kauce a sunanka, ba ya rusa tuhuma matuƙar bai ruɗar da kai ba. Kuma ko ka tabbata takardar ta makara, sai ka faɗi direba cikin kwana 28 ɗin nan, sannan ka ɗaga batun jinkirin. Ambulan ɗin da ta zo a ciki, da ranar da ka karɓa, su ne shaidarka, don haka ba a yar da su.

Inda kuskuren ke ɓuya

Kuskuren gaske yakan faɗo a ɗaya daga wurare uku: ko motar ba taka ba ce, ko awon bai yi daidai ba, ko kuma ƙa'idar gudun ba a kafa ta bisa doka ba.

Na farko ya fi sauƙin warwarewa. Kwamfuta na iya rikita harafi da lamba, ko a ce ka sayar da motar kafin ranar, ko kuma ɓarayi sun kwafi lambarka sun manna wa wata mota mai kama da taka, su yi ta ta'asa takardu na zuwa gidanka. Matakin farko shi ne neman hoton. Yawancin rundunonin 'yan sanda suna nuna shi ta intanet ko su aiko idan an nema, don a taimaka wajen gane direba. Sai a zauna a ƙura masa ido. Launin ya yi daidai? Ƙirar fitilun baya fa, da irin ƙafafun, da wata lotsawa ko sitika da taka ke da ita waccan ba ta da ita? A ƙasan lambar mota ta halal a Birtaniya akasari akwai sunan wanda ya buga ta, wannan ma kan tona asirin ta jabu. Wanda ya ga alamar an kwafi lambarsa sai ya kai rahoto ga 'yan sanda ya karɓi lambar ƙorafi, ya sanar da DVLA, ya haɗa duk abin da ke nuna inda motarsa take a wannan sa'a: rasit ɗin wurin ajiye mota, takardar gareji idan tana hannun bakanike, rajistar wurin aiki, bayanan na'urar bin sawu idan inshora ta saka masa.

Na biyu yana buƙatar sanin yadda na'urar ke aiki. Gatso tana harba siginar rada ta auna gudu, sannan ta ɗauki hoto biyu, tsakaninsu rabin daƙiƙa. Fararen layukan da aka zana a kan kwalta a gabanta ba ado ba ne, ma'auni ne na biyu, domin an san tazarar da ke tsakaninsu. Motar da ke gudun mil 30 a awa tana cin kimanin mita 6.7 a rabin daƙiƙa, mai gudun mil 45 kuma kimanin mita 10. Idan rada ta ce 45 amma hotunan suka nuna motar ta matsa mita bakwai kacal, to rada ta yi ƙarya, kuma ɗan firamare ma zai iya nuna hakan da ƙirga layuka. Irin wannan kan faru idan motoci biyu suka shiga siginar lokaci guda, ko wata doguwar mota mai faffaɗan baya ta rikita ta. Ƙa'ida ita ce jami'i ya duba wannan ma'auni na biyu kafin a aika takarda, amma jami'in ma ɗan Adam ne, yana duba ɗaruruwan hotuna.

Kyamarorin matsakaicin gudu, waɗanda ake yawan gani inda ake gyaran manyan hanyoyi, lissafinsu daban ne. Ɗaya ta karanta lambarka a farko, wata ta karanta a ƙarshe, a raba nisa da lokaci. Tafiyar mil biyu a kan gudun mil 50 tana ɗaukar minti biyu da daƙiƙa 24. Wanda ya iso cikin minti biyu cif ya yi gudun mil 60, ko da ya taka birki a ƙarƙashin kowace kyamara. Wuyar kayar da irin waɗannan ta fi yawa, sai dai idan lambar aka karanta ba daidai ba ko agogon na'urorin ya saɓa.

Kowace irin na'ura sai ta sami amincewar ma'aikatar cikin gida kafin kotu ta karɓi shaidarta, kuma ana gwada daidaitonta lokaci-lokaci a ba da takardar shaida. Neman wannan takarda halal ne, amma kotu tana farawa ne da ɗaukar cewa na'urar lafiyarta ƙalau, mai musu shi zai kawo dalilin shakka. Cewa "na san ban kai haka ba" ba dalili ba ne, domin kowa haka yake faɗa. Abin da ke da nauyi shi ne hoton kyamarar gaban mota mai nuna lokaci da gudu, ko bayanan na'urar da kamfanonin sufuri ke saka wa motocinsu. A nan gaggawa ta zama dole, saboda kyamarar gaban mota tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo a kai. Ranar da takarda ta iso, ranar ake cire katin a adana.

Na uku shi ne alamomin hanya. Idan allon ƙa'idar gudu ya faɗi, ko reshen bishiya ya rufe shi, ko babu shi inda doka ta ce a kafa, wannan kariya ce mai ƙarfi, da sharaɗin a koma wurin da wuri a ɗauki hoto kafin a gyara. Amma akwai tarkon da ke kama baƙi. A Ingila, titin da ke da jerin fitilun kan hanya kusa da juna ƙa'idarsa mil 30 ce kai tsaye, sai in an rubuta akasin haka, kuma ba a maimaita allon 30 a kansa. Fitilun su ne alamar. A Wales an mayar da wannan ƙa'ida mil 20 tun watan Satumban 2023. Wanda ya je kotu da hujjar cewa bai ga allo ba a irin wannan titi, ya je ne ya tabbatar wa alƙali bai san dokar hanya ba.

Akwai kuma zancen da ke yawo a bakin direbobi, cewa an yafe kashi goma cikin ɗari da ƙarin mil biyu, wato a titin mil 30 ba a fara kamu sai a 35. Wannan shawara ce da shugabannin 'yan sanda suka ba rundunoninsu, ba doka ba ce. A idon doka mil 31 ma laifi ne.

Lissafin zuwa kotu

Bayan an ambaci direba, akasari abu ɗaya cikin uku ke biyowa. Idan gudun bai yi yawa ba kuma mutum bai yi kwas ɗin wayar da kai cikin shekara uku da suka wuce ba, a ba shi damar yin kwas ɗin da kuɗinsa, babu maki. Ko a miƙa masa tayin fam 100 da maki uku. Ko kuma, idan gudun ya yi tsanani, a tura shi kotun majistare. Karɓar kwas ko biyan tara rufe magana ne, ba a biya sannan a dawo ana musu.

Babu wani ofishin ɗaukaka ƙara tsakanin direba da kotu. Ana iya rubuta wa ofishin da ya aiko takardar, a haɗa da hujja, kuma idan kuskuren a fili yake sukan janye. Wasiƙar da ke aiki gajeriya ce: lambar takarda, abin da ba daidai ba, hujjar da aka liƙa, buƙatar a soke. Sai dai rubuta wasiƙa ba ya tsayar da wa'adin kwana 28. Idan suka ƙi janyewa, hanya ɗaya ta rage, a ƙi tayin a musanta laifi a gaban kotu. A lokacin ne masu gabatar da ƙara ke miƙa cikakkiyar shaidarsu, a lokacin ne kuma za a iya neman jami'in da ya sarrafa na'urar ya zo a yi masa tambayoyi.

Kafin a kai nan ya kamata mutum ya ɗauki biro ya yi lissafi da sanyin zuciya. A kotu babu sauran zancen fam 100. Ana auna tara da abin da mutum ke samu a mako, tana iya kai fam 1,000, ko 2,500 idan a babbar hanya ce. Wanda ya musanta aka kayar da shi ya rasa ragin kashi ɗaya cikin uku da ake yi wa mai amsa laifi da wuri, zai biya kuɗin shari'a na ɗaruruwan fam, idan kuma ya ja aka kira ƙwararre kan na'urar, kuɗin ƙwararren ma na iya hawa kansa. A 2019 kafofin labaran Birtaniya sun ba da labarin wani dattijo, injiniya mai ritaya, da aka ce ya yi gudun mil 35 a titin mil 30 a birnin Worcester. Ya haƙiƙance bai yi ba, ya ɗauki lauyoyi da ƙwararre, ya yi ta ɗaukaka ƙara kusan shekara uku. Ya kashe kimanin fam 30,000, dukiyar da ya yi niyyar bar wa 'ya'yansa, kuma bai yi nasara ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Wannan ba yana nufin mai gaskiya ya sunkuyar da kai ba. Wanda ke riƙe da hoton wata mota daban, ko layukan da suka ƙaryata rada, ko ambulan mai nuna jinkiri, ya je kotu gabansa gaɗi. Wanda ba shi da komai sai yaƙinin zuciyarsa, ya san cewa yaƙini ba ya hawa ma'aunin alƙali. Ga wanda kuma aka yanke wa hukunci bai ma san ana shari'ar ba, saboda takardu na zuwa tsohon gidansa, doka ta ba shi kwana 21 daga ranar da ya sani ya yi rantsuwa a hukumance cewa bai sani ba, a warware hukuncin a sake daga farko.

Sunan da ba na direba ba

Hanya mafi haɗari ita ce wadda ta fi kama da sauƙi: a rubuta sunan wani. Matar gida da lasisinta ke da tsabta, ko ɗan'uwa da ya koma ƙasarsu, ko abokin da ba shi da mota. A nan batu ya tashi daga dokar hanya ya koma yi wa shari'a zagon ƙasa, laifin da kotunan Ingila kusan kullum ke hukuntawa da ɗauri, ga mai bayarwa da mai karɓa.

A watan Maris na 2003 kyamara ta kama motar Chris Huhne a babbar hanyar M11. Makinsa sun kusa cika, sai matarsa Vicky Pryce, sananniyar masaniyar tattalin arziki, ta karɓi laifin. Shekaru suka shuɗe, ya zama ministan makamashi. Da auren ya mutu, maganar ta fita zuwa jarida. Ya ajiye muƙaminsa a 2012, a 2013 aka ɗaure kowannensu wata takwas, shekara goma bayan maki ukun da suka guje wa. Fiona Onasanya, lauya kuma 'yar majalisa mai wakiltar Peterborough, an kama motarta tana gudun mil 41 a titin mil 30 a 2017. Aka rubuta sunan wani ɗan Rasha a takardar, bincike ya nuna yana ƙasarsu a ranar. An ɗaure ta wata uku a farkon 2019, masu zaɓenta kuma suka sa hannu aka tsige ta, ita ce ta farko da aka raba da kujera ta wannan hanya.

A Ostireliya abin ya fi ban mamaki. Marcus Einfeld tsohon alƙalin kotun tarayya ne, mai suna a fagen kare haƙƙin ɗan Adam. A 2006 aka aiko masa tarar dala 77 ta ƙasar kan ɗan gudu a birnin Sidni. Ya shaida wa kotu cewa wata farfesa ƙawarsa da ke zaune a Amurka ce ya ba aron motar, aka sallame shi. Wata jarida ta bincika, ta gano matar ta rasu tun 2003. Maimakon ya tsaya nan, sai ya ƙara wata ƙaryar don rufe ta farko. A 2009 aka yanke masa ɗaurin shekara uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a zamanin da wayar hannu ke nuna inda mai ita yake, hukumar shige da fice ke da ranar fitar kowa, ramin ya ƙara gajarta.

Yawancin waɗannan mutane masana doka ne ko masu yin ta, kuma doka ta riga ta tanadi mafita ga wanda da gaske bai san direban ba. Mota ɗaya a gida mai mutum huɗu, ko miji da mata da suka yi ta karɓeɓeniyar tuƙi a doguwar tafiya, abu ne da ke faruwa. Sashe na 172 ya ce ba a hukunta mai mota idan ya nuna bai sani ba, kuma ya yi iyakar ƙoƙarin da hankali zai ɗauka don ya gano amma ya kasa. Ƙoƙarin sai an gan shi a ƙasa: ya nemi hoto, ya tambayi duk wanda ke da makulli, ya duba rasit ɗin mai da bayanan waya, ya rubuta wa 'yan sanda sunayen waɗanda abin zai iya shafa da dalilin da ya hana shi tantancewa. Alƙalai ba sa karɓar wannan kariya da sauƙi, don sun sha jin ta daga bakin maƙaryata, kuma mutum na iya faɗuwa ya kwashi maki shida. Amma mafi munin abin da zai sami wanda ya ce "ban sani ba" da gaskiya shi ne maki da tara. Wanda ya cike gurbin da sunan da ya san ba shi ba ne, gidan yari yake yi wa rajista, shi da wanda ya ara masa sunan.